Injin da Suka Ce Babu Shi

Malam ya rasu a damina ta biyu bayan canjin kuɗin nan da ya sa mutane suka riƙa yini a bakin banki kamar masu jiran ruwan famfo. Ni haka nake lissafina, kuma bai taɓa ɓace mini ba. An kawo ni gidansa a unguwar Dutse Uku ta Jos shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Ina goye da 'yarmu ta uku kamfanin kuza ya sallame shi. Ya bar gyaran rediyo shekarar da babbar kasuwa ta ƙone da shagonsa a ciki. Wanda ya iya boko ya sa wa waɗannan lamba in yana so. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Surukata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi mini kwalliya.

Ina cikin takaba. Mai takaba ba ta da ƙafa, amma tana da kunne, tagar ɗakina kuma a kan rumfar zaman makoki take. Duk abin da maza suka faɗa a ƙarƙashin rumfar nan, ni yake fara gaisarwa kafin ya kai titi.

Ranar farko abin da na yi ta ji shi ne, "Allah ya jiƙan Malam mai rediyo." Rediyo! Mutumin da rabonsa da kwance rediyo tun jikata ta fari tana rarrafe, ga ta yau da nata 'ya'yan. Na ce a bar su, ba su san wani sunan ba. Mata a cikin gida su ma suna ta nasu. Wata maƙwabciya ta dafa gwiwata ta ce, "Hajiya, kin yi haƙuri fa. An ce a ƙarshe har hira yake da kwamfuta." Na dube ta na ce, "Ke da mijinki ba ya hira da kowa, ke kika yi haƙuri." Ta janye hannunta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne na ranar uku, lokacin da ƙanen Malam, uwa ɗaya uba ɗaya, ya gyara murya a ƙarƙashin rumfa. Ɗan kwangila ne, ya saba magana a gaban jama'a.

"Yaya, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne," in ji shi. "Amma tsufa ba ya barin kowa. Ni na san abin da na rufe. Mutum ya zauna yana magana da injin da babu shi, ya ce masa tsaya, ya ce masa tafi. Ɓarnar da ta faru a gonakin Kuru ba da gangan ya yi ba. Don Allah wanda abin ya shafa ya yafe masa."

Jama'a suka amsa, "An yafe, an yafe."

An yafe! Wanda ya cinna wuta shi ne ya miƙe yana roƙa wa mai gida gafara. Na yunƙura zan tashi, ɗan farina, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, don girman Allah ki bari. Baffa ne. Baba da kansa bai faɗa ba. Kada zumunci ya watse a kan makokinsa." Na koma na zauna. Amma zama ba shi ne yarda ba. An binne mutum, yanzu kuma ana so a binne sunansa a wani ramin daban, ni kuma a ce in zuba ƙasa.

Bari in gaya muku wanda aka binne.

Mutum ne dogo marar jiki, mai jin sanyi. Ko ranar da kowa ke fifita, shi yana cikin rigar sanyinsa mai ruwan toka. Tabaraunsa ya karye tun tuni, ya ɗaure ƙafarsa da wayar wuta, ya hana a saya masa sabo, wai wannan ya riga ya san hancinsa. Akwai ƙaramin sukundireba da ba ya barin aljihunsa ko masallaci zai je. Aikin wuta ya koya a kamfanin kuza, daga nan rediyo, daga nan talabijin, daga nan wayar hannu. Duk abin da zamani ya kawo sai ya kwance shi ya ga hanjinsa. Da 'yarmu ta aiko masa da tsohuwar kwamfutarta, sai ya shige ɗakin da ke kusa da zaure da littattafan Turanci masu kauri kamar bulo, ya fito bayan wasu shekaru ya iya abin da samari ke zuwa daga jami'a su zauna a tabarmarsa su ji.

Maganarsa ba ta da yawa, amma ba ta zuba ƙasa. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, abin da aka gaya masa yake yi." Yakan ce, "Abin da bai sha wuya a ɗaki ba, zai ba ka kunya a gona." In kuwa ya ji wani yana zagin abin da ya lalace, sai ya ce, "Zagi bai taɓa gyara komai ba. Tsayar da shi ka tambaye shi abin da ke hannunsa."

Yana da amini tun zamanin kuza, mutumin ƙasar nan ne, Birom, dattijon coci, manomi a wajen Kuru. Shi da mutanensa suna noman rani, dankalin Turawa da kabeji da karas, da ruwan tafkunan da haƙar kuza ta bari, su kai kaya kasuwar Farin Gada. Ƙanen Malam ne ya samu aikin kawo musu injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Kowane inji yana bukatar ƙwaƙwalwa, wani ɗan allo da bai wuce tafin hannuna ba, wanda zai san lokacin tashi da lokacin tsayawa. Domin in ruwan tafki ya ja baya inji ya ci gaba da zuƙar iska, ƙonewa zai yi. Shi ƙanen da ƙafarsa ya zo ya roƙi yayansa ya raya wannan allon. Malam ya karɓa saboda amininsa.

Ni na tambaye shi, don ba na zama kusa da abin da ban gane ba. Na ce, "Malam, ga allon can a kan tebur, me ya sa ba ka taɓa shi, kullum kana kan kwamfuta?"

Ya ce, "Ke in za ki yi wa jariri kunu, a bakinsa kike damawa?"

Na ce a'a.

"To shi ma haka. Ya yi ƙanƙanta, ba zai iya dafa wa kansa ba. A babbar, kwamfutar nan, ake dafa masa. Amma cikinsu ba iri ɗaya ba ne, abin da babbar ke haɗiyewa shi ba ya iya taunawa. Sai an dafa a tukunyarta, amma daidai bakinsa. In na yi kuskure na dafa irin nata, ko kallon abincin ba zai yi ba."

Na ce to, an dafa, sai a ba shi mana.

Ya ce, "A'a. Sai inuwarsa ta ɗanɗana."

Wannan inuwar ita ce injin da suka ce babu shi. A cikin kwamfutar Malam ya kafa wani allon na kwaikwayo, wanda ke yin duk abin da na gaske zai yi: ya farka, ya duba ruwa, ya tada inji, ya kwanta. Sai dai in ya yi ɓarna ba kabejin kowa da zai bushe. Na gan shi da idona. Baƙin gilashi ne, farin rubutu yana gudu a kai kamar jerin tururuwa. Wani lokaci tururuwar ta tsaya cak, Malam ya cire tabarau ya ce, "Ya firgita." Na ɗauka wasa yake, ya ce wallahi haka masu abin suke kiransa. Daga nan sai ya kafa masa shinge, irin na jami'an tsaro a hanyar Bukuru. Ya sake shi ya taho, in ya iso shingen ya tsaya, Malam ya laluba masa aljihu ɗaya bayan ɗaya. Me ka ɗauko? Daga ina? Wa ya ba ka? Sai ya matsar da shingen gaba kaɗan, ya sake sakinsa. Wannan ce hirar da suka ce tsufa ne. To in bincike tsufa ne, Allah ya tsufar da masu kwangilar garin nan baki ɗaya.

Sau ɗaya muka yi faɗa a kan aikin. Dafuwar nan tana cin lokaci, tun hantsi har azahar, kuma batirin kwamfutar ya mutu tun tana hannun 'yarmu, sai da wuta take rayuwa. Ranar nan aka kawo wuta, ni kuma ina da biki, gyalena a yamutse. Na shiga na ga waya a soket, na zare na sa dutsen guga. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Malam ya dawo daga alwala ya tsaya kamar an dasa shi.

"Me kika yi?"

"Guga."

"Tun safe nake jiran abin nan, saura ƙiris!"

Na ce, "Masu wuta suna yi maka haka kullum ba ka ce musu komai, sai ni da kake aure?"

Ranar bai ci tuwona ba, ni ma ban roƙe shi ba. Kashegari ya sayo mini soket nawa ni kaɗai, ya kafa a tsakar gida, ya ce, "Wannan naki ne, ki kashe ki kunna har ki gaji." Haka faɗanmu yake.

Ana cikin haka ƙanen ya fara sintiri. An tsayar da ranar buɗe aikin, an gayyaci wani babban mutum, an kama rumfuna da kujeru, an ɗinka wa matan manoma anko. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ina tsakar gida ina jin su.

"Yaya, abin nan fa yana aiki. Na ga ya tada inji a nan gabana."

"Yana aiki in rana ta tsaya. Ban gwada shi da gajimare ba."

"Rani ne fa, Yaya! Wane gajimare?"

"A Jos aka haife ka ko a Agadas? Ka ɗaga ranar."

"A ɗaga wa babban mutum rana? An riga an buga kati!"

"To katin ya ba su ruwa. Bai nuna ba."

Bayan 'yan kwanaki ciwon ƙirjin Malam ya tashi, muka kwana biyu a asibiti, ni ina gefen gadonsa. Makullin ɗakinsa yana rataye a ƙusar da kowa a gidan nan ya sani. Ƙanen ya zo da wani ma'aikacinsa, suka buɗe, suka kwashi abin da ke cikin allon gwaji, suka je suka ɗura wa injinan Kuru duka. Surukata tana gida ranar, ta gan su. Ga ta nan ta ɗaga kai tana kallona, na ce rubuta, ai ba ƙarya na yi ba.

Aka yi biki, aka yanka kirtani, ruwa ya feso, aka tafa. An ce har a jawabi ƙanen ya ce shi ya tsara komai, bai ambaci yayansa ba. Sunan Malam bai fito ba sai da abu ya ɓaci. Ba a daɗe ba sararin sama ya yi abin da ya saba yi a kan dutsen nan: rana ta fito, gajimare ya gifta, rana ta dawo. Injinan suka rikice. Ruwa ya ja baya, su kuwa suka ci gaba da zuƙar iska har suka yi hayaƙi. Dashen kabeji ya kwanta, dankali ya bushe a kunya. Mutanen da suka jingina shekararsu a kan wannan noman suka tashi hannu wayam. Daga Kuru har Farin Gada magana ɗaya ake: aikin tsohon nan ne mai rediyo.

Aminin ya zo gida bayan ɓarnar. Bai zauna a kujera ba, ya tsaya riƙe da hularsa. Ya ce, "Oga, tun muna yara a kamfani ba ka taɓa ba ni waya mara kyau ba. Wannan fa?" Ina bayan labule, ina jira Malam ya faɗi sunan da ya kamata. Sai na ji ya ce, "Kuskuren yana cikin aikina. Ka ba ni lokaci in nemo shi."

Da baƙon ya tafi na fito na ce, "Malam, wannan wane irin abu ne? Wanda ya ɗebi ƙullu kafin ya tashi, shi ya yi waina mai tauri, ba mai jiƙa shinkafa ba!"

Ya ce, "Ƙanena ne. In na faɗa, ba zai sake cin abinci a garin nan ba, yana da iyali. Kuma ko na faɗa, injinan ba za su tashi ba. Ki bar shi."

Na bar shi. Allah shaida ne na bar shi, har Malam ya koma ga Mahaliccinsa ban buɗe baki ba.

Ya koma kan inuwa da ƙirjin da ke masa ƙara kamar tsohon zugazugi. Ya san gajimare ne ke rage wa allon wuta ya suma ya farfaɗo, sai ya koya wa inuwar ɗaukewar wuta. Ya ɗauke, ya mayar, inuwa ta farka lafiya lau. Ya sake, lafiya lau. Aka yi ta haka har ya rame ya ƙara ramewa. Laifin da ya ƙona injina a gona ya ƙi nuna fuskarsa a ɗaki.

Wata rana da hantsi ina tsintar shinkafa a bakin ƙofarsa, sai na ga ya juyo yana kallona ta saman tabarau, kallon da rabona da shi tun ina amarya.

"Zo nan da farantinki."

"Lafiya?"

"Ni ina tausayin allon nan. Ban sani ba, hannuna yana jira ya gama abin da yake yi kafin in ɗauke masa wuta. Gajimare kuwa ba ya jiran kowa. Ina bukatar wanda ba ruwansa. Na tuna ranar guga."

Na ce, "Au, yau kuma rashin tausayina ya yi rana?"

Ya yanko filasta ya manna a kan maɓalli ɗaya, wanda ke ɗauke wa inuwa wuta. Ya ce, "Duk lokacin da ranki ya so, danna. Kada ki kalli gilashin, kada ki kalle ni."

Haka muka koma yi. In na gama aikin safe sai in jawo kujerata 'yar tsugunno, ina tsintar shinkafa ko wake, ina ba shi labarin unguwa, in miƙa hannu in danna. Wani lokaci in danna a jere kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Wani lokaci in manta da shi har sai labari ya ƙare. Ranar da abin ya faru ina tsakiyar ba shi labarin akuyar maƙwabta da ta shiga gidan biki, na danna ba tare da na ko sani ba. Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Kada ki ƙara taɓawa!"

Inuwa ta farka, ta tada injinta, alhali Malam ya gaya mata tafki ya ƙafe. Ga ɓarawo a hannu. Ya kafa shinge, ya koma baya, ya matso, ya laluba. Har aka kira azahar bai ji ba, sai da na taɓa kafaɗarsa. Da ya dawo daga masallaci ya zaunar da ni ya yi mini bayani, don ya san ba zan bar shi ba.

Ashe allon yana ajiye wa kansa labarin ruwa lokaci lokaci, don in ya suma ya farka ya san inda aka tsaya. Sai ya goge tsohon labari, ya rubuta sabo a wurin. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutun, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. In ya farka sai ya karanta rabin nan, ya ɗauke shi a matsayin gaskiya, ya ce akwai ruwa. Ƙiftawar ido ce tsakanin gogewa da gamawa, sai wanda ba ya jira ne zai faɗa a kanta.

Na ce, "Rabin magana ce ta ƙona injinan mutane?"

Ya ce, "Rabin magana."

"To maganinta?"

"Kada a goge tsohuwar sai sabuwar ta rubutu har ƙarshe, an kuma duba ta cika."

Ya gyara, ya sake dafawa, ya ba inuwa. Ya ce in danna. Na danna har yatsana ya yi ciwo, na yi mata mugunta iri iri, ba ta sake ruɗewa ba. Sannan ne kawai ya ce, "Ya nuna." Ya shiga motar haya da ƙirjin nan, likita ya hana, ni na hana, ya tafi Kuru. Ya bi gona gona da sandarsa, amininsa yana riƙe masa jaka, ya sa wa kowane allo da hannunsa. Injinan da suka ƙone ya zauna a ƙasa tare da masu naɗin waya har suka tashi. Bai karɓi ko dankali ɗaya ba. Rani biyu ke nan suna aiki, ba wanda ya sake hayaƙi. Amma gyara ba shi da ƙafa irin ta ɓarna. Ɓarna ta zaga gari, gyara ya tsaya a gona.

Wannan shi ne mutumin da aka roƙa wa yafiya a ƙarƙashin tagata.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, mazan dangi suka shigo gaishe ni a bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Ƙanen yana gaba. Aminin Malam ma ya zo da mutanensa daga Kuru, suna tsaye daga baya. Ina bayan labule. Ɗan farina ya ga na gyara zama, ya ce a hankali, "Inna." Na ce, "Ba zagi zan yi ba. Ubanka ya hana zagi."

Na kira ƙanen. "Alhaji."

"Na'am, matar yaya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Tambaya gare ni. Ka san ban yi boko ba, sai a hankali nake ganewa. Ranar da aka ɗura wa injinan Kuru ƙwaƙwalwa, ina yayanka yake?"

"Haba Hajiya, ai wannan magana ta wuce, jama'a sun riga sun yafe..."

"Tsaya. Ba mu isa can ba tukuna. Ina yake?"

Ya yi ɗan tari. "Yana asibiti."

"Me ke hannunsa?"

"Ƙarin ruwa ake masa."

"Madalla. To kai me ke hannunka?"

Sai muryar aminin ta taso daga baya, da Hausarsa irin ta mutanen dutse. "Mama, ni zan iya faɗa. Shi ya kawo abin. Na tambaye shi a gaban mutanena, na ce oga ya ce a sa? Ya ce mini oga ya ce."

Na ce, "Alhaji, ya ce?"

Na ƙara matsowa jikin labule.

"Ba sauri nake ba. Takaba nake, ina nan har wata huɗu da kwana goma. Ya ce?"

"Bai ce ba." Muryar kamar ta fito daga cikin tulu.

"Me ya ce?"

"Ya ce bai nuna ba."

Na ji dattijon nan ya ja numfashi, ya ce, "Wayyo abokina. Ya riƙe mini jaka a zuciya, ni ina riƙe masa ta hannu, bai faɗa mini ba."

Na ce, "Alhaji, labule ya ji, amma ba a gaban labule ka nema masa yafiya ba. Rumfa tana nan, ba a kwance ta ba."

Ya fita. Na matsa jikin taga. Na ji ya gyara murya, amma ba irin gyaran ranar uku ba. Ya ce, "Jama'a, game da maganar Kuru, an samu gaggawa daga wajenmu, ba laifin Yaya ba ne shi kaɗai." Ya tsaya nan. Daga wajenmu. Shi kaɗai. Ya shiga motarsa ya tafi, har yau bai sake taka gidan nan ba, matarsa ma ta daina gaishe ni a waya. Ɗan farina ya yi kwana biyu yana gaishe ni a tsaye. A rana ta uku ya durƙusa, ya ce wa matarsa ta ɗauko takarda ta zauna kusa da Inna.

Rabin magana ƙanen ya faɗa. Ni kuwa na zauna kusa da wanda ya nuna mini abin da rabin magana ke yi in aka farka aka same ta ita kaɗai. Jikokina za su farka wata rana su tambayi wane ne kakansu, ba zan bari su tarar da rabi ba. Shi ya sa na sa aka rubuta wannan tun daga dutsen guga har bakin labule. Surukata ta karanta mini, na duba, ya cika. Yanzu a goge waccan ta ƙarƙashin rumfa.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka masa kabari da hasken da ba a ɗaukewa, ya sa ya huta da tarin nan, ya kyautata namu zuwan.

Cikin waɗanda suka san shi tun zamanin kuza, masu naɗin wayar da suka yi aiki tare duk sun riga shi. Limamin da ya ɗaura mana aure ya daɗe da tafiya. Saura amininsa na Kuru, yana tafiya da sanda yanzu, sandar Malam ce, ni na aika masa. Saura ƙanensa, Allah ya ba shi tsawon ran da zai ƙarasa maganarsa. Saura ni. Kwamfutar tana ɗakin da ke kusa da zaure, na hana a taɓa. Jiya aka kawo wuta na sa surukata ta kunna, tururuwa ta yi gudu ta tsaya inda Malam ya bar ta. Filastar tana nan a kan maɓallin. Na danna. Inuwa ta mutu, ta farka, ta tuna daidai.